Gabas ɗin da ke yamma da Kano



Duk wanda ya baro Kano ko Katsina ko Sakkwato ya zo neman abinci Inugu ko Anaca ko Fatakwal, idan aka tambayi mutanen gidansu ina wane yake, amsa ɗaya za su bayar: ya tafi Gabas. Mu ma da muke zaune a nan haka muke faɗi, har ta kai ba mai tsayawa ya tambayi kansa, wai shin gabas da ina? Wannan tambaya ce ta sa na ga ya dace yau mu shimfiɗa taswira mu duba, domin a bayan wannan suna akwai dogon tarihin layuka da aka yi ta ja ana gogewa a kanmu, kuma har gobe su ne ke yanke hukunci kan inda ɗan mutum zai yi karatu da inda zai sami aiki.

Ga abin da taswira ta ce. Masana labarin ƙasa suna auna gabas da yamma da wasu layuka da ke sauka daga saman taswira zuwa ƙasanta, ana ƙirga su da digiri. Kano tana kan digiri 8 da rabi. Inugu tana kan 7 da rabi, Fatakwal tana kan 7, Anaca kuwa, wato Onitsha, ba ta ma cika 7 ba. Ma'ana duk garuruwan nan uku yamma suke da Kano. Da za ka ɗaura zare a Katsina ka sake shi ya sauko kudu sak, ta gefen Kaduna da Abuja zai bi ya faɗo kusa da Inugu. Na Gusau zai sauka kusa da Anaca, na Maraɗi kuma kusa da Fatakwal. Kakanninmu ba Gabas suke ce wa nan ba, Kurmi suke cewa saboda duhun itatuwa. In ka ji tsohon da ya ce wane ya yi gabas, to hanyar Makka yake nufi, ta Barno da Cadi da Sudan.

Mai taswira shi ke raɗa suna

Wanda ya mai da Kurmi Gabas mutumin da ke zaune Ikko ne, domin daga can idan ya tsallaka kogin Kwara gabas ya yi. Kuma haka abin yake a duk duniya. Ƙasashen Larabawa da muke ji kullum a rediyo ana ce musu Gabas ta Tsakiya, Turawa ne suka raɗa musu sunan daga inda suke tsaye, amma ga mutumin Indiya yamma suke da shi. Shi kansa layin da ake fara ƙirgen digiri daga kansa, taro aka yi a birnin Washintan na Amurka a watan Oktoba na 1884, wakilan ƙasashe 25 suka hallara aka tsai da shawara ya bi ta unguwar Greenwich a Landan. Daga nan ya gangaro ta Faransa da Sifen da Aljeriya da Mali da Burkina Faso da Togo, ya faɗa teku a garin Tema na ƙasar Gana.

Hatta nahiyoyi ba duka ne ruwa ya raba su ba. A makarantunmu bakwai ake koyarwa: Afirka, Asiya, Turai, Amurka ta Arewa, Amurka ta Kudu, Ostireliya da Antatika. A wasu ƙasashen shida ake koyarwa, domin sun ɗauki Amurka biyun nan a matsayin ɗaya. Turai da Asiya kuwa ƙasa ɗaya ce a haɗe, masana ne suka zaɓi duwatsun Ural na Rasha suka ce nan ne iyaka. Birnin Santambul na Turkiyya wani ɓangarensa yana Turai, wani yana Asiya. Tsakanin Afirka da Asiya ma mashigin Suwez da aka haƙa da hannu aka buɗe a 1869 shi aka ɗauka a matsayin iyaka, shi ya sa yankin Sinai na Masar ya faɗa Asiya.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe abu guda: iyaka iri biyu ce. Akwai wadda take a ƙasa, kamar kogi da dutse da yawan ruwan sama. Akwai kuma wadda mutane suka zauna a ofis suka ja da alƙalami. Ta farko ce ta kawo mu nan, ta biyu kuma ita ce ta yi ta wahal da mu.

Kafin a ja layi

Fatakwal tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, Kano kuwa a yawancin shekaru ba ta kai 1,000 ba. Inda ruwa ya yi yawa kwakwar manja da doya da rogo ke albarka, amma akwai ƙudan tsando da ke hana manyan shanu irin namu yaɗuwa, sai 'yan gajerun shanun nan da ake kira muturu. Inda ruwa ya yi kaɗan kuma nan ake samun shanu da awaki da wake da albasa da kanwa. Abin da wannan yake da shi wancan ba shi da shi, to dole a yi fatauci.

Babbar hanyar farko ita ce Kwara. Wannan kogi ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar fiye da kilomita 4,000 ta Mali da Nijar da gefen Binin, ya shigo Nijeriya ta Kebbi, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya wuce ta Idah da Anaca kafin ya rarrabu ya shiga teku. Tun kafin Turawa su san inda ya ƙare, Nufawa da Igala suna gangarowa da kwalekwale zuwa kasuwannin bakin ruwa. Sai a 1830 ne 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har teku. A 1857 Samuel Ajayi Crowther da abokan aikinsa suka kafa mishan a Anaca, 'yan kasuwar Ingila kuma suka buɗe kanti a bakin ruwa. Garin ya ƙara cika da baƙi, cikinsu har da Nufawa da Hausawa, kuma har yau a cikin Anaca akwai titunan da ake kira Bida Road da Sokoto Road.

Ta tudu ma an shigo. A ƙarshen ƙarni na 19 maharba giwa Hausawa sun yi zango a Elele ta ƙasar Ikwerre, arewa da inda Fatakwal take yanzu, tun ba a kafa Fatakwal ɗin ba. A wajen Nsukka, garin Ibagwa ya daɗe da saukar fatake Nufawa da Hausawa masu dawakai da tufafi. Igala da Idoma suna kiran Bahaushe Abakpa, kuma akwai unguwanni masu wannan suna a Ogoja da Abakaliki da Inugu. Wata shaidar tana cikin bakin maƙwabtanmu Ibo: kanwa suna ce mata akanwu, albasa yabasi, goron da muke ci kuma gworo ko oji Awusa, don su bambanta shi da nasu na gargajiya. Kalma ba ta shiga harshen mutane har ta zauna sai an daɗe ana ciniki da juna.

Gaskiya kuma ɗaya ce, ba duka ne suka zo da fatauci ba. Rundunar da Turawa suka yi yaƙin Arochukwu da ita a 1901 zuwa 1902 akwai sojoji Hausawa da yawa a cikinta, kuma wasu unguwannin Hausawa a gefen bariki suka fara, inda mahauta da masu sayar da abinci suka bi sojoji. Wannan ma yana cikin tarihinmu, kuma masu masaukinmu ba su manta da shi ba.

Daga Balin zuwa Lugga

Wata guda bayan taron Washintan, a Nuwamba 1884, aka buɗe taron Balin a Jamus, aka rufe a Fabrairu 1885. Ba Ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. A nan aka shimfiɗa ƙa'idojin yadda ƙasashen Turai za su mallaki yankuna, ainihin layukan kuma aka ja su daga baya ta yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Cadi. Aka gyara shi a 1898, aka sake gyarawa a 1904 da 1906. Ƙarshenta Maraɗi da Damagaram suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Daura da Kano suka faɗa hannun Ingila. Bakatsinen Maraɗi da Bakatsinen Katsina suka zama 'yan ƙasa biyu, ɗaya yana koyon Faransanci, ɗaya Ingilishi.

A nan ƙasa kuwa, kamfanin Royal Niger mai hedkwata a Asaba, tsallaken Anaca, shi ke riƙe da kogin tun 1886. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓe, ta yi Arewacin Nijeriya da Kudancin Nijeriya, layin da ya raba su ya ratsa Kwara ta wajen Idah. Sunan Nijeriya ma sabo ne a lokacin, wata 'yar jarida Flora Shaw ce ta ba da shawararsa a 1897. Kano ta faɗi a Fabrairu 1903, Sakkwato a Maris. Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya haɗe Arewa da Kudu, amma layin tsakani bai goge ba, kowane ɓangare da mataimakin gwamnansa.

Mai karatu zai yi mamakin yadda Arewa ta gangaro. Daga Inugu ka bi ta 9th Mile ka isa Obollo Afor, inda direbobin tirela ke yada zango, da ka ɗan wuce ka shiga ƙasar Idoma, kuma a taswirar wancan zamani ka shiga Arewa ke nan. Wato mazaunin Inugu ya fi kusa da iyakar Arewa a kan yadda yake da Fatakwal.

Kwal da dogo

Inugu da Fatakwal tagwaye ne, abu ɗaya ya haife su. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi. Ana bukatar hanyar fitar da shi zuwa teku, sai aka zaɓi wani wuri mai zurfin ruwa a ƙasar Diobu da Okrika a 1912, shekara ta gaba Lugga ya sa masa sunan Lewis Harcourt, sakataren ƙasashen mulkin mallaka na Ingila. Bakin Bahaushe ne ya mai da Port Harcourt Fatakwal. Aka fara haƙar kwal a 1915, dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Sunan Inugu daga Enugwu Ngwo ya fito, ƙauyen da ke kan tudun, ma'anarsa saman tudu.

Daga nan dogo ya miƙa arewa, ya kai Makurɗi a 1924, ya haɗu da na Kaduna ta Kafancan a 1927. Da farko jirgin ruwa ke tsallakar da taragu a Binuwai, sai a 1932 aka buɗe gadar Makurɗi. Wannan dogo shi ya cika unguwanninmu. Shanun da a da ake korowa a ƙafa wata da watanni, rabi su rame a hanya, suka koma isowa cikin kwanaki, Umahiya ta zama babbar kara. Inda aka sauke shanu sai an sami dillali da mahauci da mai tsire, sai masallaci, sai makarantar allo, sai a naɗa Sarkin Hausawa ya riƙa sasanta rigima da shiga tsakani da hukuma. Masu gari suka kira irin wannan wuri Ama Hausa ko Ogbe Hausa ko Gariki. Taragun da suka sauke mu kuma su suka koma da Ibo, akawu da tela da makaniki da ɗan kasuwa, zuwa Sabon Garin Kano da Zariya da Jos. Nnamdi Azikiwe, ɗan Anaca, a Zungeru aka haife shi a 1904 kuma da Hausa ya tashi. Odumegwu Ojukwu ma a Zungeru aka haife shi a 1933.

Ranar da aka haifi Gabas

A 1939 Gwamna Bernard Bourdillon ya raba Lardunan Kudu biyu, aka ɗauki Kwara a matsayin iyaka a yawancin tsawonta. Na hagu a taswira ya zama Yamma mai hedkwata a Badun, na dama ya zama Gabas mai hedkwata a Inugu. Sunan da muke amfani da shi ke nan, bai ko cika shekara ɗari ba. Kogin da ya haɗa Asaba da Anaca ɗaruruwan shekaru, masu magana da harshe ɗaya, ya zama iyakar mulki. A 1954 yankunan uku suka zama jihohi masu gwamnatin kansu a tarayya, kuma a shekarar ne aka cire Kudancin Kamaru daga Jihar Gabas. Bayan ƙuri'ar jin ra'ayi ta Fabrairu 1961 Kudancin Kamaru ya bi Kamaru, Arewacinsa ya zauna a Nijeriya ya zama Lardin Sardauna. A 1963 aka yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga Yamma, Asaba ta faɗa ciki.

A cikin wannan zamani ne aka yi abin da yaranmu da yawa ba su taɓa ji ba. Magajin garin Inugu na farko da aka zaɓa a shekarun 1950 Malam Umaru Altine ne, Bafulatani daga Lardin Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC ta Azikiwe. Babban birnin Jihar Gabas ne fa, kuma yawancin mazaunansa Ibo ne. Layin Arewa da Kudu yana nan a taswira a lokacin, amma bai hana a ba baƙo jagorancin gari ba. Duk sanda aka ce mini abin ba zai taɓa yiwuwa ba, wannan nake tunawa, domin an riga an yi.

Da layi ya zama katanga

A Disamba 1965 aka gama gadar Kwara tsakanin Asaba da Anaca. Ba a yi wata guda ba aka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu manya. Aka yi juyin mulki na biyu a Yuli. A Mayu, sannan a Satumba da Oktoba, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka cika taragu suka dawo gida. A nan ma aka far wa 'yan Arewa a garuruwa da dama, kuma a Oktoba Ojukwu, wanda yake gwamnan soja na Gabas, ya ce waɗanda ba 'yan yankin ba su tashi domin ba zai iya ba da tabbacin tsaron lafiyarsu ba. Dogon da ya kawo mutane shi ya kwashe su. Tsofaffinmu da suka ga wannan rana sukan ce akwai waɗanda aka kai Arewa ba su san kowa a can ba, domin a nan aka haife su, a nan aka binne iyayensu.

Ran 27 ga Mayu 1967 Gowon ya rushe jihohi huɗu ya yi 12. Gabas ta kasu uku: Gabas ta Tsakiya mai hedkwata a Inugu, Ribas mai hedkwata a Fatakwal, da Kudu maso Gabas mai hedkwata a Kalaba. Kwana uku bayan haka, ran 30 ga Mayu, Ojukwu ya yi shelar Biyafara a kan iyakokin tsohuwar Jihar Gabas. Ƙasa ɗaya ta sami taswira biyu, aka shiga yaƙi a kan wacce za ta tabbata. An fara harbi ran 6 ga Yuli 1967 a Gakem, daidai kan tsohon layin Arewa da Gabas. Inugu ta faɗi a Oktoba 1967, Anaca a Maris 1968, Fatakwal a Mayu 1968. Sabuwar gadar nan an karya ta a 1967. Da aka ajiye makamai ran 15 ga Janairu 1970, an yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, akasarinsu farar hula da yunwa ta kashe a cikin Biyafara. Bayan yaƙi aka gyara gada, fatake suka dawo, domin ruwan sama bai canza ba, har yanzu albasa tana can, manja yana nan.

Mutum yana zaune, jiha tana tafiya

Mu ɗauki wanda aka haifa a Inugu a 1960 bai taɓa ƙaura ba. An haife shi a Jihar Gabas. A 1967 ya zama mazaunin Gabas ta Tsakiya. A Fabrairu 1976 Murtala ya yi jihohi 19, ya wayi gari a Anambra. Ran 27 ga Agusta 1991 Babangida ya kai su 30, ya wayi gari a Jihar Inugu, ita kuma Anambra ta koma da hedkwatarta Awka ta tafi da Anaca. Ran 1 ga Oktoba 1996 Abacha ya cika su 36, aka yanki Ebonyi daga Inugu da Abiya, aka yanki Bayelsa daga Ribas. Garin mahaifinsa ma bai tsaya wuri ɗaya ba. In Bahaɗeje ne, daga Jihar Arewa ya koma Kano a 1967, ya koma Jigawa a 1991. In Bagusaye ne, Arewa maso Yamma, sai Sakkwato a 1976, sai Zamfara a 1996. In Badauri ne, Arewa ta Tsakiya, sai Kaduna, sai Katsina a 1987.

Akwai wuraren da za ka ga wannan da idonka. Obigbo, wadda ake rubutawa Oyigbo, inda mutanenmu suke da yawa a bakin Fatakwal, an mai da ita Ribas ne bayan aikin kwamitin gyaran iyakoki na 1976 wanda Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ya shugabanta. Da ka tsallaka kogin Imo ka shiga Abiya. A hanyar Inugu zuwa Anaca kuma akwai Ugwuoba da Amansea, garuruwa biyu masu karar shanu da ke maƙwabtaka da juna. Har 1991 jiha ɗaya suke, yau ɗaya Inugu ɗaya Anambra, kowace da masu karɓar harajinta. Shiyyoyi shida da ake magana, waɗanda Alex Ekwueme ya kawo shawararsu a taron tsarin mulki na zamanin Abacha, sun sa Inugu da Anaca a Kudu maso Gabas, Fatakwal da Asaba a Kudu maso Kudu, alhali ba su ma cikin kundin tsarin mulki.

Wani lokaci layin nan rai yake ceta. A Fabrairu 2006, bayan tarzomar Maiduguri kan zanen ɓatanci na Denmak inda aka kashe Kiristoci, da yawansu Ibo, aka yi ramuwar gayya a Anaca. An kashe mutanenmu da dama, an ƙona masallatai da rumfuna. Waɗanda suka tsira wasu barikin soja suka shiga, wasu suka bi ta kan gada a guje zuwa Asaba, kuma akwai waɗanda tun daga ranar suka mai da kasuwancinsu can. Haka aka yi a Aba a 2000 bayan rikicin Kaduna. Wanda bai taɓa ganin Maiduguri ba ya biya bashin Maiduguri, kamar yadda Ibo mai kanti a Arewa ke biyan bashin abin da bai sani ba.

Layin da ba ya cikin taswira

Tsarin mulkin 1999 ya ce a sashe na 41 kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin zama ko'ina a Nijeriya. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali, na 43 ya ba da damar mallakar fili ko gida a ko'ina. Amma shi wannan kundi ya ɗora rabon muƙamai a kan jihar da mutum ya fito, kuma sashe na 318 ya fassara zama ɗan jiha da cewa iyayen mutum ko kakanninsa su kasance daga al'ummar da ke da asali a jihar. Daga nan takardar indijin ta samo ƙarfi, wadda ƙananan hukumomi 774 ke bayarwa. Ba ta, da wuya a shiga aikin soja ko ɗan sanda ko na gwamnatin tarayya, ko a sami tallafin karatu.

Na raka wani yaron unguwarmu neman wannan takarda. A nan aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, yana jin Ibo kamar ɗan gari. Aka ce masa cikin ladabi ya tafi garinsu. Ya yi kwana biyu a mota zuwa garin kakansa, can kuma aka ce sai mai unguwa da dagaci sun shaida sun san gidansu, ga shi gidan ya daɗe da watsewa. Sai da aka nemo wani tsoho da ya tuna kakan nasa aka sa hannu. Yana da katin zaɓe na nan, yana biyan kuɗin rumfa a nan, amma a takarda shi ɗan wani gari ne da ya kwana uku a cikinsa duk rayuwarsa. Ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano irin wannan tafiya yake yi, sai dai shi kudu yake nufa.

Ba ina cewa a goge iyakoki ba ne. Shugabannin Afirka da suka taru a Alƙahira a 1964 sun amince a bar iyakokin da aka gada daga Turawa, don sun san in aka fara warwara ba a san inda za a tsaya ba. Inda aka sake layi, kamar Eritiriya a 1993 da Sudan ta Kudu a 2011, sai da aka sha dogon yaƙi. Bakassi ma da aka bi ta kotun duniya, hukuncin 2002 da miƙawar 2008 sun bar masunta da yawa cikin halin ni-'yasu. Masu gari kuma suna da hakkinsu kan ƙasar kakanninsu da sarautarsu, ba mai jayayya da wannan. Abin da nake gani shi ne, wanda aka haifa a wuri, ya girma a wurin, yake biyan haraji a wurin, ya kamata doka ta san da zamansa wajen makaranta da aiki, ko a Inugu ne ko a Kano.

A ƙarshen Fabrairu 2021 dillalan shanu da kayan abinci sun tsai da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki. A nan farashin nama da tumatir da albasa ya tashi, a can kayan gwari suka yi kwantai a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa, aka janye. A 2023 kuma aka ƙaddamar da gada ta biyu a kan Kwara kusa da Anaca, tireloli suna ta wucewa.

Shawarata ga 'yan'uwa mazauna nan guda biyu ce. Ta farko, a sayi taswirar Nijeriya da ta Afirka a manna a bangon makarantun Islamiyyarmu, a nuna wa yara inda suke da inda kakanninsu suka fito da hanyar da ta haɗa su. Ta biyu, duk mai tsoho a gida wanda ya ga zamanin jirgin ƙasa ko tashin 1966, ya zauna da shi ya ɗauki maganarsa a waya, ya rubuta sunan garin asali da unguwa da gidan da aka fito. Ranar neman takarda zai yi amfani, kuma shi ne tarihin zamanmu a nan, wanda in ba mu rubuta ba ba mai rubuta mana.

Wanda yake da ƙarin bayani kan yadda aka kafa unguwarsu, a Aba ne ko Owerri ko Umahiya ko Abakaliki, ina maraba da shi. Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mun sake saduwa.